A Kolon, a kan abin da aka tono aka ɗora gidan tarihi

A 1941 ana haƙa maɓoyar tsira daga bama-bamai a gindin babban cocin Kolon, nan Jamus, sai ma'aikata suka ci karo da daɓen wani gidan Rumawa. Tsakuwoyi da gilasai masu launi ne, sama da miliyan ɗaya, da aka jera ɗaya bayan ɗaya wajen shekara ta 220 har suka fitar da hoton Diyonisus, gunkinsu na giya. Ba a mayar da shi wani wuri ba. Da birnin ya tashi gina gidan tarihin Rumawa, wanda aka buɗe a 1974, a kan daɓen aka ɗora ginin.

A ganina nan suka tsere mana, ba a tsufan kaya ba. Tukunyar da aka tono, rabin darajarta wurin da take kwance ne. Shi ya sa ba a ciro ta sai an auna zurfinta, an ɗauki hoto, an rubuta irin ƙasar da ta rufe ta da abin da ke gefenta, sannan a ba ta lamba. Kwabo ɗaya mai hoton sarkin Rum yana iya taimakawa wajen gane zamanin abin da ke kwance tare da shi.

Bayan tonon ma da sauran aiki. Ƙarfen da ya daɗe a ƙasa ya sha gishiri, yana jin danshi sai tsatsa ta kumbura shi ya tsage, don haka a rufe ake ajiye shi a busasshen wuri. Gilashi kuwa in ya bushe da gaggawa ɓarewa yake yi kamar bawon albasa.

Mu ma haƙa ce ta fito mana da namu. A wurin haƙar kuza aka tsinci mutum-mutumin Nok a 1928, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Abin da ke ci mini rai, da yawa daga cikinsu 'yan sari ne suka tone su a ɓoye suka fitar waje, ba wanda ya rubuta daga wane rami suka fito. Wannan asarar kuɗi ba ya mayar da ita.

Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka soma ta, kuma kullum ana tona harsashin gini a cikinta. A Kolon gidan tarihin ne da kansa ke sa ido kan irin wannan haƙa a tsohon gari. Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ya cancanci wannan iko, ko da ma'aikaci ɗaya ne da magwaji da littafi a bakin ramin.