Wa zai tuhumi alƙalin da ya yi shiru?

Marubucin wani labari da na karanta ya ce a girmama malaman Yahudawa masu hukunci kan aure a Isra'ila, kuma ban ƙi ba. Amma tun dokar 1953 aure da sakin Yahudawan ƙasar na hannun kotunan malaman nan kaɗai, kuma saki ba ya tabbata sai miji ya miƙa takardar saki da yardarsa. In ya kafe, matar ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko, wata har fiye da shekara ashirin. Dokar 1995 ta ba alƙalan ikon ƙwace masa lasin tuƙi, hana shi fita ƙasar, har ɗauri. To, alƙalin da ya riƙa ɗage zama ya ƙi amfani da ikon nan, gaban wa matar za ta kai kukanta?