Hausawan Sudan, wa zai rubuta labarinmu?

Babu birnin Sudan da za ka shiga da yamma ba ka ji ƙamshin agashe ba. Balarabe na ci, Banube na ci, kuma kowa ya san naman nan da garin ƙuli-ƙulinsa daga hannun Hausawa ya fito. Haka ma waƙa. A'isha Falatiya, wadda ake ƙirgawa a matsayin mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, 'yar Hausawan Kasala ce, kuma har ta rasu a 1974 Sudan kaf na alfahari da muryarta. Duk da haka, da rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil a watan Yulin 2022 kan batun sarautar gargajiya da ƙasa, tsohuwar maganar nan ce ta dawo: wai mu baƙi ne.

Baƙi tun yaushe? An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun kafin nan ma alhazai ke ratsowa a ƙafa, wasu su yi shekaru suna noma don tara guzuri, har zama ya kama su. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, guminsu na cikin audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar. Sudan kuwa sai a 1956 ta samu 'yanci.

Abin da ke damuna shi ne, kusan duk wannan tarihi a bakin tsofaffi yake. Abin da aka rubuta a kanmu, galibi Turawa ne da malaman jami'a suka rubuta, da Turanci ko Larabci. Mu kuma, in muna son ganin kanmu, sai mu kunna finafinan Kano. Ba na ƙin su, don sun riƙe wa yaranmu harshe a lokacin da makaranta da kasuwa duk Larabci ne. Sai dai aron riga ne. Ba za ka ga manomin dawa na Gadarif a cikinsu ba, ko masuncin da ke jefa taru a Nilu, ko amaryar da aka yi wa lalle da dilka irin na Sudan alhali guɗar da ake rangaɗa mata ta Hausa ce. Hausarmu ma, da Larabcin da ya gauraye ta, wasu daga Najeriya dariya suke mata, mu ma har mun fara jin kunyarta.

Akwai dattawan da ke cewa a bi a hankali, yawan ɗaga harshe da al'ada shi ke ba masu kiran mu baƙi hujja. Na fahimci tsoronsu, sun ga abin da ban gani ba. Amma gidaje nawa ne suka bar Hausa gaba ɗaya, suka koma Larabci zalla, kuma hakan bai hana a tsare su da tambayar asalin kakanni ba ranar neman takardar zama ɗan ƙasa? Muhammad Wardi ya yi waƙa da harshen Nubawa da Larabci, babu wanda ya ce hakan ya rage masa zama ɗan Sudan. Bejawan gabas ma suna nan da harshensu.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, a Disambar shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, kuma duk da sojoji sun ƙwato su, jama'a sun riga sun tarwatse. Tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da jerin sunayen zangon da kakanta ya sauka, yau tana sansanin gudun hijira, jikokinta na wani gari.

Kayan aiki kuwa suna hannunmu. Matasanmu da yawa ba su iya karatun boko na Hausa ba, da baƙaƙen Larabci suke rubuta ta a WhatsApp, wato ajamin da kakanninsu suka zo da shi ya dawo ba tare da wani ya shirya ba. Kada a jira sai an koya musu boko. Su zauna gaban tsofaffi da waya, su naɗi murya, su rubuta sunan ƙauye da ranar, sannan su tura wa 'yan'uwa a Jidda ko Kano su adana, tunda a wannan yaƙin waya na cikin abin da ake fara ƙwacewa a shingen hanya.