Fenti ba ya maganin naso

Na daɗe ina son yin magana a kan danshin da ke kama gidaje da fumfunar da ke biyo bayansa, domin na lura cewa da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi matsalar kwalliya, alhali matsala ce ta lafiya. Da zarar bango ya yi naso, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne mu kira mai fenti ya shafe wurin. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma ni kaina na taɓa tafka shi.

Ranar da na ja sif ɗin kayana daga jikin bango, na tarar da baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun mamaye wurin tun daga ƙasa har kusan tsayin gwiwa, takalmin fata da na ajiye a ciki kuma ya yi wani kore-kore kamar an barbaɗa masa gari. Sai a lokacin na gane asalin warin da ke tarbata duk sanda na buɗe ƙofar ɗakin, da dalilin da ya sa tarin ƙaramin yarona yake tsananta da dare. Na goge wurin, na sa aka yi fenti, amma bayan 'yan makonni tabon ya dawo a daidai inda yake, domin ashe bututun banɗakin da ke bayan bangon ne yake yoyo.

Ƙwayoyin fumfuna suna yawo a iskar kowane gida, kuma babu mai iya kawar da su baki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da suke jira kawai shi ne laima. Ruwan kuwa yakan zo ne ta rufin da ke ɗiga ko bututun da ya fashe, ko ya taso daga ƙasa ya hau bango, ko kuma ya fito daga cikin ɗakin kansa. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi kasa yarda da shi, amma tururin girki da na wanka, da shanyar jiƙaƙƙun tufafi a ɗaki rufe, har ma da numfashin masu barci, duk suna cika iska da danshi, idan kuma iskar ta taɓa bango mai sanyi sai ta zama raɓa. Shi ya sa masana ke ba da shawarar kada danshin iskar gida ya wuce kashi 60 cikin 100, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan wannan batu, inda ta danganta zama a gida mai danshi da tari, da cututtukan numfashi, da tsanantar asma. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a watan Disamba na 2020, binciken da aka kammala a 2022 kuma ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayarsu ne ya yi ajalinsa, duk da cewa iyayensa sun sha kai kuka. Wannan labari ya tsaya mini a rai, kuma shi ne ya sa nake jin takaici idan mai gida ya ce wa ɗan haya ya buɗe taga kawai, alhali rufin ne ke yoyo.

Ba na ganin amfanin ɓata lokaci wajen tantance irin fumfunar ko launinta. Idan ido ya gani ko hanci ya ji, a fara neman inda ruwan yake fitowa a toshe. Bayan haka, idan wurin bai kai murabba'in mita 1 ba, mutum zai iya wankewa da ruwa da sabulu, sanye da safar hannu da takunkumi, tagogi a buɗe, sannan ya bari ya bushe sarai kafin a yi maganar fenti. Kada a kuskura a haɗa bilic da wani sinadarin wanki mai amoniya, domin hayaƙinsu guba ne. Katifa ko kafet ko silin da fumfuna ta ratsa, sau da yawa rabuwa da su ya fi, ko da yake na san asarar tana da ciwo. Mai asma da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kada su yi wannan aiki da kansu, wurin da ya yi faɗi kuma a nemo masa ƙwararre.

Ni dai tun da aka canza bututun nan, na bar tazarar tafin hannu tsakanin sif da bango, kuma duk ƙarshen wata nakan haska fitila in leƙa bayansa.