Wanda ya ja da baya, ya taɓa samun ceto ko bai taɓa ba?

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, wannan magana ta daɗe tana cina, tun da na zo ƙasar Holan na shiga wata majami'a ta masu bin koyarwar Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya a Turai, nake kwatanta abin da nake ji a nan da wanda na tashi da shi, kuma gaskiya tazarar ba kaɗan ba ce.

Mu dai yadda aka koya mana, ceto abu ne da kake riƙe da shi da hannu biyu, ka yi sakaci ya suɓuce. Ibraniyawa 6:4-6 da 2 Bitrus 2:20-22 mun haddace su tun muna matasa, duk taron farkawa in an yi kira sai na fita gaba in sake ba da raina, na fita ya fi sau goma, ba don ban gaskata ba sai don tsoron kar in mutu da dare da wani zunubin da ban furta ba. A nan kuma fasto zai buɗe Yohanna 10:28-29 ya ce ba mai ƙwace tumakin daga hannun Makiyayi, ya haɗa da Romawa 8:38-39, mutane su koma gida hankali kwance.

Ashe ma gardamar a ƙasar nan aka yi ta. Arminiyus, wani malamin tauhidi ɗan Holan da bai yarda da wasu daga cikin koyarwar Kalbin ba, ya rasu a 1609, almajiransa suka rubuta ra'ayinsu cikin batutuwa biyar a 1610, aka kira babban taron ikkilisiya a garin Dordrecht daga 1618 zuwa 1619 aka ƙi ra'ayinsu. Abin da ya ba ni mamaki, a batu na biyar ɗin nan, wanda ya shafi ko mai bi na iya rasa cetonsa, su almajiran ba su yanke cewa mai bi na iya fāɗuwa ba, cewa suka yi sai an ƙara bincika Nassi tukuna. Su kuma na Dordrecht da ake wa kallon masu taurin kai sun yarda mai bi na gaske kan faɗa mummunan zunubi, har suka kawo misalin Dawuda da Bitrus, sun kuma yarda ba kullum yake jin tabbacin a zuciyarsa ba. Katolika a babban taronsu na garin Tirent a 1547 sun ce ba wanda zai tabbatar zai jure har ƙarshe sai in Allah ya bayyana masa. Wesli, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, ya ce za ka iya sanin an gafarta maka yau, amma gobe kana iya juya baya.

To ni ina na tsaya? Kan tabbacin ceto na fi karkata ga na nan, don na ɗanɗana wancan tsoron kuma bai sa na ƙara tsarki ba, ya dai sa kullum idona na kaina maimakon kan Almasihu. 1 Yohanna 5:13 ta ce an rubuta ne domin mu sani muna da rai madawwami, sani fa, ba zato ba.

Amma akwai inda nake rabuwa da su, kuma yana min zafi. Wani abokina da muke ƙungiyar mawaƙa tare a nan ya daina zuwa sujada, daga baya ya ce shi bai yarda da komai ba yanzu, sai na ji wani dattijo ya jawo 1 Yohanna 2:19 ya ce ai dama can ba namu ba ne, shi ke nan an rufe zancensa. Kai! Mutumin da na ga hawayensa wurin addu'a? In da a daren da Bitrus ya yi musu sau uku aka tambaye mu, da haka za mu ce da shi, alhali Yesu ya riga ya faɗa masa a Luka 22:32 cewa ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta kāsa. A gida za a ce abokin nan nawa ya yar da cetonsa, a nan a ce bai taɓa samu ba, duka biyun an yanke hukunci kan mai sauran numfashi an koma an zauna.

Ni har yanzu ina kiransa duk yammacin Lahadi, wani lokaci ya ɗauka wani lokaci bai ɗauka ba, makon jiya ya ɗauka har ya tambaye ni wace waƙa muka rera.