Gaisuwar Suruka Daga Cikin Jakuzi

Tunda ɗan'uwana da muke kira Injiniya ya riga ya kai labarin abin da ya faru da ni a jakuzi guruf ɗinmu, kuma ya kai shi a karkace, bari ku ji daga bakin mai shi.

Jakuzin nan, wato babban bahon ruwan zafi mai injin tausa, fam 350 na saye shi a Facebook, hannun wani Bature a Leeds ta Ingila, cikin Oktoban 2022. Lokacin kullen korona mutanen ƙasar nan sun yi ta girka shi a lambu, da kuɗin wuta ya hau kuma suka fara neman kai da shi. Ni dai araha na gani, ga ciwon bayan da kuka san ina fama da shi tun da na koma aikin dare. Muka yi hayar mota muka kinkimo shi Bradford. Sai da aka sauke na ga ba shi da filogi. Wata waya ce kawai mai kauri, bakinta a buɗe.

Injiniya ya ce, "Yaya, wannan ai aikin minti goma ne." Ku tuna digirin yaron nan na kwamfuta ne, mu muka ɓata shi da wannan suna. Ya yanko filogin tsohuwar butar shayi, waya ta ƙi shiga, ya sa filaya ya dinga rage mata gashi har ta shiga, ya jona ta tagar kicin a soket ɗin bayan firji. Muka ɗura lita 1,200 da tiyo, ya kwana yana ɗumama. Da safe ruwa har tururi. Injiniya ya tsaya a gefe ya ɗauki hoto.

Asabar ɗin ta faɗo daidai da adashin mata a gidanmu, ga kuma Umma ta zo daga Kano ganin jikoki. Kun san tsakanina da Umma. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, ko hula ban taɓa cirewa ba. Uwargida ta ce in ba su gida. Na ce lambu zan tafi, wa zai leƙa lambu a wannan sanyin? Ina idar da Magariba na sulale ta ƙofar kicin, na rataye jallabiya da tawul a igiyar shanya can ƙarshen lambu don kada su jiƙe, na faɗa ruwa daga ni sai gajeren wando. Jama'a, daɗi kam akwai. Na jingina, na lumshe ido, na ce ashe haka mutanen nan ke morewa ba su gaya mana ba. Sannan na danna maɓallin tausa.

Inji ya yi gurnani, ruwa ya fara dukan bayana, ban gama cewa "masha Allah" ba na ji fat! daga kicin. Gida ya yi ɗif. Sai salati. Wata ta ce ƙaurin roba take ji, wata ta ce gobara ce, ƙararrawar hayaƙi ta kama tsuwa. Ƙofar da ta fi kusa da su kuwa ita ce ta gilashin falo, mai fitowa lambu. Suka ɓarko gaba ɗayansu, kowace da fitilar waya a hannu, Umma a gaba an riƙo ta.

Na nutse har haɓa, na yi lamo. Dabarata ita ce in ban motsa ba za su wuce ta ƙofar gefe. Hajiyar adashi ce ta dallaro ni.

"Innalillahi! Mutum ne a ciki!"

Uwargida ta ce, murya can ƙasa, "Abbansu ne."

To yanzu ku auna min. Ba a haɗa ido da suruka a ƙi gaisuwa. Ba a gaishe ta a kishingiɗe an miƙe ƙafa. Ba a kuma miƙe mata tsaye da gajeren wando jiƙaƙƙe. Kafin ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci jiki ya yi abin da ya saba, na zamo daga kujerar bahon na durƙusa. A cikin ruwa. Ƙasan da santsi, gwiwa ta zame, ruwan kilorin ya shige min hanci har ƙeya. Na ɗago ina tari, na ce, "Umma, barkanku da yamma." Alhali na gaishe ta da safe, na gaishe ta da azahar.

Allah ya saka wa Umma da alheri, ta juya fuskarta wajen shinge ta amsa wa katako.

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne, Umma."

Ina faɗar haka tururi na tashi daga tsakar kaina. Na ji wata a baya ta toshe baki da mayafi tana shaƙewa. Kuma da yake an buɗe ƙofar gaisuwa, ba dama in gaida Umma in bar sauran, duk matan abokaina ne, wasu sun girme ni. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya daga cikin ruwa, ya maigidan, ya yara, ya hidima, hannuna biyu a ƙirji. Da layi ya zo kan Hajiyar adashi sai ta gyara tsayuwa, ta ƙara matso da fitila, ta ce:

"Malam, ya ruwa?"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Ruwa ya yi gyara" ba.

Nan lambu ya kece. Har Umma na ga kafaɗarta na rawa.

Bari in tsaya a kan Hajiyar nan, domin abin yana ci na. Duk sauran matan sun sauke fitilunsu ƙasa, wasu ma sun kashe. Ita ko ta riƙe tata a kaina tun daga farko har ƙarshe, ba ta ko canza hannu ba. Matar da na kai filin jirgin Manchester cikin dare da jakunkuna masu nauyin buhun siminti, na tsaya ana ta cire kaya ana mayarwa har kilo ya daidaita, ragowar man shafawa da takalman na dawo da su gidana suka yi wata da watanni a ƙarƙashin bene. Ko kuɗin ajiye mota ban karɓa ba. Daga baya ta ce wa uwargida wai haska ni take don ta tabbatar wuta ba ta ja ni ba. In tausayi ne me ya hana ta miƙo tawul? Yanzu mijinta ma ya ɗauka. Ko a masallacin Juma'a muka haɗu, sai ya riƙe hannuna ya sunkuyo ya ce, "Ya ruwa?"

Tawul ɗin ma da aka aiki autana ya ɗauko, safa ya ciro daga igiyar ya kawo, yana shela cewa Abba ba shi da riga. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta buɗe tagar sama tana tambaya ko ta kira 'yan kwana-kwana. Ba wadda ta yarda ta koma ciki sai da tsuwar ta tsaya, ni kuma ina durƙushe har yatsuna suka yamutse. Injiniya? An ce ya tafi sallar Isha'i. Da sauran fiye da awa guda a kira.

Mai gyaran wutan da ya zo cikin mako ya ɗaga filogin da ya narke, ya juya shi, ya nemi izini ya ɗauki hoto. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce wani ɗan'uwa ne. Ya ce ɗan'uwan yana da gādo a wurina? Ban yi dariya ba.

Ya zaunar da ni ya yi min karatu, a gaban uwargida. Filogin ƙasar nan amfiya 13 yake ɗauka, wajen kilowat 3 ke nan, kuma hitar bahon ita kaɗai ta cinye wannan. Da na tada injin tausa sai kaya suka yi wa filogi yawa. Fis kuma ba ya tsinkewa nan take in an ɗan haura ƙa'ida, sai ya bari komai ya yi ta zafi, ga waya an aske ta. Abin da ya kashe gidan gaba ɗaya wata na'ura ce a akwatin fis, RCD, wadda ke katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare ta inda bai kamata ba. Ya ce ita ce ta sa muke hira da ni yanzu. Uwargida ta kalle ni, kallon da kuka sani.

Sannan ya zaro biro. Bahon layinsa na kansa yake so, amfiya 32, tun daga akwatin fis, akwatina kuma ba sauran gurbi, sai an ƙara wani ƙarami a gefe. Waya mai sulken ƙarfe, mai kaurin murabba'in milimita 6, a binne ta a ƙasa daga gaban gida har wurin bahon a lambu. Makunni wanda ruwa ba ya shiga, a kafa shi aƙalla mita 2 daga bahon, don kada mai jiƙaƙƙen hannu ya miƙa daga ciki ya taɓa. Sandar tagulla da za a buga cikin ƙasa. A ƙarshe takardar shaida, domin tun 2005 akwai sashe na P a dokar gine-ginen Ingila, sabon layi irin wannan dole a sanar da hukuma: ko mai rajista ya yi aikin ya ba da satifiket, ko ka biya ƙaramar hukuma ta turo mai dubawa. Ya ja layi ya rubuta fam 1,150.

Na ce ya duba dai. Ya duba, ya sake nuna min lambar. Na ce nawa zai rage saboda Allah, ya ce bai gane tambayar ba. Umma da ke falo ta sa aka fassara mata, ta ce, "Ikon Allah, igiya ta fi akuya tsada." Ba da ni take ba, da 'yarta take, amma ƙofa a buɗe take.

Iyakar abin da ya yarda shi ne in na haƙa ramin da kaina zai cire fam 250. Zurfi wajen rabin mita, a shimfiɗa yashi, a ɗora waya, a sa ƙyallen gargaɗi mai ruwan ɗorawa a sama kafin a rufe. Na ari shebur, na yi ta haƙa cikin yayyafin Nuwamba, ni da na sayi abin don ciwon baya. Injiniya ya zo taimako sanye da fararen takalma, ya tsaya a baki yana gaya min ramin ya karkace.

An gama, yana aiki, satifiket na cikin durowa. Sai dai lokacin yunit ɗin wuta kwabo 34 ne, ɗumama ruwan daga sanyi kuma yana lashe yunit kusan 40, fam 13 ke nan kafin mutum ya tsoma ƙafa. Uwargida ta ɗauko ɗan allon mita ta girka a kan teburin cin abinci, yana fuskantar kujerata. Kawu ya bugo daga Kano, labari ya riga ya isa, yana tambaya ko bahon zai yi kiwon tarwaɗa, wai akwai kasuwa.

Adashi zai sake zagayowa gidanmu wata mai zuwa, na riga na karɓi aikin Asabar ɗin. Wanda ke da lambar mai gyaran firji ya turo min, tun daren nan yake wani irin ƙara.