Masu jirgin yawo a kan Kwara, ku ji tsoron Allah da rayukan mutane

Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ɗora shi a kan ruwan Kwara babu rigar kariya, babu isasshen mai a inji, caca yake yi da ran bayin Allah. Da zafin rai nake wannan rubutu, domin abin da aka yi mana a Lakwaja ya wuce a ce mana mu yi haƙuri kawai.

Mu mutanen Zariya ba 'yan ruwa ba ne. Abin da muka sani shi ne Galma da Kubanni, sai dam ɗin jami'a a Samaru, kuma cikinmu ɗaiɗai ne suka iya iyo. Shi ya sa Bazazzagi ke ɗokin ya je Lakwaja ya ga mahaɗar kogunan Kwara da Binuwai da idonsa. Ga kuma tsohuwar alaƙa, can Turawa suka kai sarakunanmu da suka tuɓe, Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, can kuma Allah ya yi musu cikawa. Da ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a Sabon Gari ta shirya tafiya bayan Sallah, tsarin shi ne mu yi ziyara, mu hau Dutsen Patti, washegari mu ɗauki hayar jirgi mai inji mu wuni a kan ruwa da iyalanmu. Daga Kwangila muka tashi da asuba, muka bi ta Abuja da Abaji da Koton Karfe. Wahalar hanya ban sa ta a lissafi ba, dama mun san da ita.

Da yamma muka yi ciniki a bakin ruwa. Aka nuna mana jirgi mai rumfa, fes da shi, da riguna masu ruwan lemo a jere. Muka biya kuɗin haya da kuɗin man wuni guda, bisa sharaɗin mu kaɗai ne a ciki. Da gari ya waye sai ga wani jirgin daban, na katako, an like tsagoginsa da tsumma da kwalta. Wai wancan ya tafi wani aiki. Rigunan da aka fito da su ko rabinmu ba su isa ba, wasu zif ya tsinke, wasu soso na leƙowa ta yagewa, na yara kuwa babu ko ɗaya.

Na ce wa matuƙin, "Malam, ina na yaran?"

Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. A ruwan nan aka haife ni. Ruwa ba ya cin wanda kwanansa bai ƙare ba."

Muka ce ba za mu shiga ba. Sai da aka aro wasu a jirgin maƙwabta, muka ɗaure wa yara na manya da igiya a ƙugu, sannan muka hau. Ba mu yi nisa ba ya karkata zuwa wata mashiga ya fara ɗibar fasinja, da buhunan doya, har da babur. Jirgin da muka biya hayarsa gaba ɗaya! Muka yi ta magana, ya ce 'yan'uwansa ne, nan gaba kaɗan za su sauka. Na sa hannu na gwada, tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai taƙi guda ba.

Mun ga mahaɗar, ba zan ɓoye ba, abin kallo ne mai sa mutum tasbihi, ruwa iya ganinka. A daidai nan, inda ruwa ya fi faɗi da ƙarfi, inji ya yi tari ya mutu. Ya ja igiya, ya ciro fulogi ya hura, ya sake ja. Daga ƙarshe ya ɗaga jarka ya girgiza, babu komai a ciki. Kuɗin man wuni guda da muka bayar, ɗan kaɗan ya zuba ya soke sauran a aljihu. Filafili guda ɗaya ne a jirgin. Igiyar ruwa ta juya mu a karkace tana jan mu kudu, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa har ya rufe mana idon sawu, kulolin abincinmu na yawo a ciki. Yaron jirgi, wanda bai wuce sa'ar ɗana ba, yana ta kwarfa da yankakkiyar jarka. 'Yata ta ƙanƙame min wuya tana cewa, "Baba, mu koma gida." Hajiya, surukata, mai hawan jini, ta rufe ido tana ta innalillahi.

A wannan halin ne mutumin nan ya dube mu ya ce sai mun ƙara kuɗi kafin ya kira a kawo mai. A tsakiyar kogi, da mata da yara suna kuka! Wannan fashi ne, ba shi da wani suna. Na san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mai ya yi tsada, ni ma saye nake yi. To ka faɗi kuɗinka na gaskiya muna kan tudu mana, mu biya ko mu fasa. Muka tara muka ba shi don ba mu da zaɓi. Wani masunci ne a ƙaramin kwalekwale ya riƙe mu da igiya ya ja mu gefen wani tsibirin yashi har man ya iso, Allah ya saka masa da alheri. Dab da magariba muka taka ƙasa, alhali dokar sufurin ruwa ta hana tafiyar dare.

Da muka kai ƙara wurin shugabannin mashigar, amsar ita ce, "Alhaji, tunda kun fito lafiya ai sai godiya." Babu wanda ya rubuta sunayenmu kafin mu tashi, babu wanda ya ƙirga mu. Da mun nutse, da wane lissafi za a neme mu?

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba mu rasa darasi ba. A watan Mayun 2021 jirgi ya tsage a kusa da Warrah ta jihar Kebbi da mutane fiye da 100 a ciki, kaɗan ne suka tsira. A Nuwamban shekarar, a Ɓagwai ta jihar Kano, ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi suka nutse a dam ɗin Watari. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. Kullum dalilan su ne dai: lodi ya wuce ƙima, jirgi ya tsufa, an ci karo da kututture a cikin duhu, babu riga a jikin kowa. Waɗannan bayin Allah larura ce ta sa su hawa, ba su da wata hanyar zuwa kasuwa ko gida. Idan wanda ya biya haya ta musamman haka ake yi masa, yaya talakan da ke hawa kullum?

Kuma a daina fakewa da ƙaddara. Mun yi imani da ajali, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Matuƙin da ya iya iyo tun yana yaro ba shi da hurumin yi wa ɗiyar wani wa'azin kwana ya ƙare.

Makarantun Zariya na kai ɗalibai yawon buɗe ido, wasu har Lakwaja ko Kainji, iyaye kuma mu sa hannu a takarda mu biya. Idan aka kawo muku irin wannan takarda, ku tambayi malaman ko akwai hawa jirgi a ciki. In akwai, a gaya muku wa zai duba jirgin da safen ranar, yara nawa za a zuba, ko kowane yaro na da riga daidai jikinsa, da ƙarfe nawa za a sauko. Kuɗin mai kuma kada a damƙa wa kowa a hannu, a saya a zuba a kan idon malamai, da jarkar ajiya a gefe. Ni dai in ban ji waɗannan amsoshi ba, ɗana ba zai je ba.