Kafin ka nemi gurbin horon binciken lafiya a waje, me ka riƙe a hannu?

Duk shekara daga wajen watan Agusta, guruf-guruf ɗin WhatsApp na likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji a Kaduna da Zariya kan cika da sanarwar tallafin karatu a waje: Chevening ta Birtaniya ta buɗe, Commonwealth na karɓa, ga DAAD ta Jamus. A yi ta turawa ana Allah ya ba mai rabo sa'a. Idan sakamako ya fito babu namu, sai a ce ai 'yan Kudu ne suka san hanya. Ni dai ban gamsu da wannan bayani ba. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne zuwa hannu rabbana. Ga digiri mai kyau, ga himma, amma babu wani ɗan bincike ko guda da mutum ya fara da kansa ya kai shi ƙarshe.

Masu tantancewa sun gaji da karanta "ina so in taimaki al'ummata". Tambaya suke nema, wadda ake iya amsawa da ƙidaya. Ɗauki tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne, wata 2 na farko da magunguna huɗu, sauran 4 da guda biyu. Kowane ma'aikacin sashen ya san da yawa kan daina zuwa da zarar tari ya lafa sun ji ƙarfi. To a asibitinku, cikin waɗanda suka fara magani a shekaru ukun da suka wuce, nawa suka ɓace, a wane wata, kuma daga wace unguwa? Amsar tana kwance a rajistar da ke cikin kabad. Wannan aikin ba ya neman dala ko ɗaya, amma yana da ƙa'ida, kuma a ƙa'idar ne ake tuntuɓe.

Fara da takardar shaidar horo kan ɗa'ar bincike. Shafin horo na TRREE na bayarwa kyauta ta intanet, The Global Health Network ta Jami'ar Oxford ma tana da darasin GCP, wato ƙa'idojin gudanar da gwaji kan majinyata, kyauta. Sai ka rubuta tsarin binciken ka kai wa kwamitin ɗa'a, ko na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko na Barau Dikko, ko na Ma'aikatar Lafiya ta jiha, gwargwadon inda za ka yi aikin. Kada ka taɓa fayil ko ɗaya kafin takardar amincewa ta fito. Mutane kan gama tattara bayanai sannan su je neman sa hannu, alhali kwamiti na ƙwarai ba ya amincewa da abin da aka riga aka yi, mujalla ta ƙwarai kuma sai ta ga lamba da kwanan watan amincewar.

Wajen shigar da bayanai nan ne aiki ke lalacewa ba a sani ba. Mutum uku na cika takardar Excel guda: wannan ya rubuta shekarun yaro da wata, wancan da shekara, na ukun ya sa sifili a gurbin da babu bayani. Ranar lissafi sai ka tarar da jarirai masu shekara 18 da majinyata masu nauyin kilo sifili. Ka gina fom a manhajar tattara bayanai irin KoboToolbox ko REDCap, ka kulle kowane gurbi ya karɓi abu iri ɗaya, ka ba kowane majinyaci lamba maimakon suna, ka gwada fom ɗin da fayil 20 kafin ka shiga sauran. Lissafin kuma ka koyi manhajar R, kyauta ce. Idan ka zo bugawa, duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallu na PubMed ko DOAJ ko AJOL. Wadda ta aiko maka saƙo tana yabonka, ta ce za ta buga cikin mako guda idan ka biya, sunanta a takardunka rage maka maki zai yi. Da aiki ɗaya irin wannan kana iya neman ƙaramin tallafin RSTMH, ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wanda ke kai wa fam 5,000 na shekara guda, kuma don masu tasowa aka yi shi.

Abin haushin shi ne, jihohi kaɗan ne suka kai Kaduna wuraren da za a jingina. Ga cibiyar binciken sammore da ciwon barci, NITR, a cikin gari. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta a Saye. A ABU akwai cibiyar ACENTDFB da Bankin Duniya ya tallafa don cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙauyukan jihar nan aka yi gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta na gida da na waje suka buga a mujallar Lancet a 1993, wanda ya nuna shan ivermectin sau ɗaya a shekara na rage lalacewar jijiyar ido ga masu makantar bakin kogi. Shirin NFELTP kuwa, na horar da masu bin diddigin annoba, da aka fara a 2008, ABU na cikin jami'o'in da ke ba da digirinsa. Shekara 2 ne, mafi yawansa a fili, kuma ɗalibansa sun yi aiki a gubar dalma ta Zamfara a 2010 da Ebola ta Legas a 2014. Wanda ya raina wannan don ba a Ingila yake ba, bai san abin da masu tantancewa ke girmamawa ba.

Ƙofofin waje kowace da yadda ake ƙwanƙwasa ta. Shirin TDR na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke ƙarƙashin inuwar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗauki nauyin digiri na biyu a jami'o'in ƙasashe masu tasowa, ciki har da Jami'ar Ghana, kuma ta jami'ar ake nema. Tallafin D43 na cibiyar Fogarty ta Amurka ba a ba mutum shi kai tsaye, jami'o'i ake ba. Sai ka shiga shafin RePORTER na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ka rubuta D43 da Nigeria, ka ga wa ke riƙe da shi, ka rubuta masa gajeren saƙo da aikinka a maƙale. Sai dai tun 2025 kuɗin Amurka ya shiga tangal-tangal, don haka kada ka rataya komai a can. Duba masu ba da tallafin bincike irin su EDCTP ta Turai da shirin DELTAS, da cibiyoyi irin su MRC ta Gambiya da WACCBIP ta Ghana da KEMRI-Wellcome a Kilifi ta Kenya. Chevening na son gogewar aiki ta awa 2,800 da alkawarin dawowa gida na shekara 2. Shirin EPOS na DAAD shi ma shekara 2 na aiki yake nema. Sauran kuma takardu ne: tiranskirif da kan ɗauki watanni kafin ya fito, fasfo, jarrabawar Turanci, da malaman da za su tsaya maka, waɗanda ake ba wa aƙalla wata guda haɗe da kwafin abin da ka rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ranar da baƙin suka zo da kansu neman haɗin gwiwa. A nan manyanmu ma suna sakaci. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan na Kano ba a lokacin sanƙarau na 1996, inda aka yi amfani da yara 200 aka ƙare a kotu. Yanzu akwai kundin ɗa'ar bincike na ƙasa na 2007 da kwamitin ɗa'a na ƙasa, NHREC, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC. Amma doka ba za ta zauna a teburin ciniki a madadinka ba. Kafin a ɗebi jinin mutum na farko, a rubuta: wa ke da bayanan, wa zai iya sake amfani da su, sunan wa zai zo farko da ƙarshe a kowace maƙala, ɗalibai nawa na nan za su yi digiri a kan aikin. Samfuri ba ya fita ƙasa sai da yarjejeniyar miƙa samfuri, wato MTA, da ta faɗi gwajin da za a yi da abin da za a yi da ragowar. Takardar neman yardar mahalarta a fassara ta zuwa Hausa, wani daban ya mayar da ita Turanci a gwada, wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaida ya dangwala.

Kasafin kuɗi kuma a yi shi da idon wanda ya san wutar Kaduna. Firizar da ke riƙe samfuri a digiri 80 ƙasa da sifili ba ta jure dogon ɗaukewar wuta, kuma idan ta narke sau ɗaya, jinin shekara biyu ya tashi a banza. A sa dizal, da batura da sola, da na'urar da ke rubuta sanyin firizar dare da rana, da kuɗin mai gyara, kowanne a layinsa. NIH kashi 8 cikin 100 kawai take ba cibiyoyin waje na hidimar gudanarwa, kada a yi zaton daga nan za a sayi mai. A nemi kasafin ya tsaya da kuɗin ƙasar mai ba da tallafin, domin wanda aka ƙulla da naira, idan darajarta ta faɗi ba zai sayi sinadaran da aka lissafa ba.